Haƙuri Da Sa Rai A Cikin Littafin Shaihu Umar

A cikin shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ya sa gasa ta rubuta labarai da Hausa. Ɗaya daga cikin littattafan da gasar ta haifar shi ne Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a ka buga a 1934. Sa'an nan mawallafin yana malamin makaranta a Bauci, tun bai zama Firayim Minista ba. Littafin ɗan ƙarami ne, wanda ya ƙware da karatu ya iya gama shi a dare biyu. Amma akwai wata tambaya mai nauyi a cikinsa, watau: idan wahala ta auka wa mutum ba da laifinsa ba, me zai riƙe don kada ya karye?

Ga labarin a taƙaice, don wanda bai karanta ba. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci. Wata rana almajiransa su ka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. Maraya ne, mutumin Kagara. Uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, 'yan'uwansa fadawa su ka yi masa hassada har sarki ya kore shi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta a ka sace yaron. Ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har a Kano ya shiga hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya kai shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta fita nemansa, a ka yaudare ta, a ka sayar da ita baiwa, a ka ƙetare Sahara da ita ta Murzuk har Tarabulus. Can su ka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Galibin masu karatu su kan ce darasin littafin haƙuri ne, su nuna Umar su ce ga mahakurci mawadaci. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Kalmar haƙuri ta sha hannu a bakinmu. Da ita a ke yi wa mai rashi ta'aziyya, da ita kuma a ke rufe bakin wanda a ka cuta. Sai mu nemi ma'auni wurin masu zurfin tunani, mu auna wane irin haƙuri ne ke cikin littafin.

Na farko shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, mai littafin Ihya'u Ulumiddini da malamanmu su ke karantarwa a zaure. Ya keɓe babi guda ga haƙuri da godiya, wani kuma ga tsoro da sa rai. A wurinsa haƙuri ba zaman mutuwar zuciya ba ne, tsayuwa ce ta hankali da addini a gaban abin da ke neman rinjayar mutum. Game da sa rai kuwa ya kawo misalin manomi. Wanda ya sami ƙasa mai kyau, ya shuka, ya yi noma, sa'an nan ya jira amfani, shi ne mai sa rai. Wanda bai shuka kome ba ya zauna jiran kaka, wannan ruɗin kai ya ke yi.

To, idan mun ɗauki wannan ma'auni, wa ya fi cika shi a cikin labarin? Ni a ganina uwar ce. Umar yaro ne sa'ad da masifa ta same shi, bai zaɓi kome ba, kuma ya yi dacen ubangida nagari. Ita kuwa da hankalinta ta ji an sace ɗanta. Da ta zauna ta ce ƙaddara ce, ba wanda zai zarge ta. Amma ta ɗaura zane ta bi hanya, mace ita kaɗai, a zamanin da a ke kama mutum tsakanin gari da gari. Ita ce manomin Gazali.

Na biyu wani likita ne Bayahude na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, sunansa Viktor Frankl. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Hitila su ka tsare shi a sansanoninsu daga 1942 zuwa 1945. Uwarsa da ubansa da matarsa duk can su ka mutu. Da ya fito ya rubuta littafi a 1946 a kan abin da ya gani. Ya lura cewa wanda ya ke da wani abu da ke jiransa a waje, ko mutum da ya ke ƙauna, ko aiki da bai gama ba, ya fi jure yunwa da duka bisa ga wanda ya ga rayuwarsa ba ta da sauran dalili. Shi kansa tunanin matarsa ne ya riƙe shi, alhali kuwa bai sake ganinta ba.

Wannan ya haskaka mana wurin da ya fi ba masu karatu haushi, watau mutuwar uwar. Wasu su kan ce, ina amfanin wahalarta, tun da ba ta koma gida ba? Da mawallafin ya so faranta mana rai, da ya mai da su Kagara da kiɗa da guɗa, kamar yadda tatsuniya ta kan ƙare. Ya ƙi, kuma ya yi daidai. An mallaki jikinta, an sa mata kuɗi kamar akuya, amma ba wanda ya iya sayen dalilin da ya fitar da ita daga gida. A idon masu ita baiwa ce, a zuciyarta kuwa uwa ce mai neman ɗanta. Sa rai bai yi mata alkawarin tsawon kwana ba, abin da ya yi shi ne ya hana bauta cinye ta.

Duk da haka littafin yana da rauni, ba kuwa za a ɓoye shi ba. Shaihun ya kan ba da labarin harin bayi da cinikinsu da sanyin murya, kamar mai labarin fari ko ambaliya. Makau da mu ke tausaya wa, shi ma da shi a ke zuwa harin. Guguwar rairayi da ta binne ayarinsu Umar a hamada daga Allah ta ke, ba mai ƙara a kanta. Amma bauta aikin hannun mutane ce, akwai mai kamawa, akwai dillali, akwai mai saye. Littafin bai raba waɗannan biyu sosai ba. Mai kare shi zai ce, ai ya ajiye mana abin a fili, wanda ya ga ƙarshen matar nan ba ya bukatar wa'azi. Akwai gaskiya a nan, sai dai ya bar wa mai karatu aikin da ba kowa zai yi ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ɗauki littafin nan ka yi wannan aiki da kanka. In ciwo ko rashi ya zo, wanda ba ka da iko a kansa, ka nemi abin da za ka rayu dominsa, ka riƙe. In kuwa cuta ce ta ɗan'adam, kada wani ya karanta maka Shaihu Umar don ka yi shiru. Ka tuna da matar da ta ji an ɗauke ɗanta, ta tashi ta bi sawu. Allah ya ba mu irin haƙurinta.