Masakwa: Dawar da Ake Dasawa Bayan Ruwa Ya Ɗauke

A watan Oktoba, lokacin da yawancin manoma suka jingine fartanya, a sannan manomin masakwa na kwarin Binuwai, kusa da Garwa, yake ɗaura ɗamara. Dawa zai dasa wadda ba ta jiran ruwan sama, kuma a Fabrairu zai kai ta rumbu. Daga Borno wannan noma ya bazu zuwa arewacin Kamaru, inda Fulani ke kiran dawar muskuwari. Duk abin da masana ilimin muhalli ke koyarwa kan alaƙar ƙasa da ruwa da tsiro, yana cikin hannun wannan mutum.

Aikin yana farawa da karanta ƙasa. Karal, wato baƙar laka mai danƙo, ita ce jarinsa. Da damina tana kumbura ta haɗiye ruwa, da rani samanta ya bushe ya tsattsage, amma cikinta na riƙe da laima kamar randa. Ciyawar da ta fito a wuri ita ke gaya masa halin wurin. Inda shinkafar daji ta yi kauri, ruwa ya daɗe a kwance. Inda ciyawa ta yi tsilli-tsilli, ƙasa ta soma zama fako. Irin waɗannan su masana ke kira tsirrai masu nuni. Inda ruwa ke saurin gudu kuwa, tun kafin damina yake yanka filin fangali-fangali da ƙananan kunyoyi, don ruwan ya tsaya ya nutse.

A Agusta ko Satumba yake yafa iri a ƙasa mai rairayi. Kafin dashen ya kai kwana 30 zuwa 40, ya sassabe ciyawar karal da adda, ya bar ta ta bushe, ya sa wuta. Tokar tana mayar wa ƙasa wani ɓangare na abin da ciyawa ta ci, wannan shi ne zagayen sinadarai. Mafi muhimmanci, ba a bar wani tsiro da zai yi wa dawa kishiya a kan ruwan da ke ɓoye ba.

Sai ranar dashe. Mutum ɗaya yana gaba da ƙaton turke mai tsini, yana ɗaga shi da hannu biyu yana sokawa, rami mai zurfin kusan taƙi ɗaya. Na bayansa ya zuba ruwa kaɗan, na uku ya sa dashe biyu. Kafin nan an datse kan ganyen, domin ta ganye ne tsiro ke fitar da ruwan jikinsa, kuma saiwar da aka tumɓuke ba ta da ƙarfin ramawa. Tsakanin rami da rami kusan taku ɗaya babba. Wanda ya yi haɗama ya matsa su, ruwan zai ƙare kafin dawa ta fid da kai. Wanda ya yi nawa ya wuni a gindin bishiya, zai tarar laimar ta nutse inda turke ba ya kaiwa.

Daga nan saiwa ke bin laima ƙasa-ƙasa, a cikin sanyin hunturu. Idan zangarniya ta yi ido, sai gadin tsuntsu, musamman jan-baki, domin a tsakiyar rani gonar masakwa ce abincin da ya rage a sarari.

Wannan tsari a ɗaure yake da kogi. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ambaliyar Binuwai ba ta malala kan filayen da ke ƙasa da madatsar yadda ta saba, wasu gonakin masakwa kuma suka rasa ruwansu. Saboda haka duk mai tsara aikin ruwa ko noma a wannan yanki, ya fara zama da manoman karal ya saurare su. Malaman makaranta kuma su kai ɗalibai gonar masakwa a watan Oktoba su ga darasin da idonsu.