Sharhi a Kan Gwajin Manhajar Kwaikwayo a Na'ura Guda

Manufar wannan takarda ita ce mu soki wata ɗabi'a ta masu rubuta manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke lissafa yadda abu zai kasance kafin a gwada shi a zahiri. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar gwaji ya yi daidai a kwamfutar marubuci, sai a ɗauka cewa zai yi daidai ko'ina.

Alal misali, a shekarar 2014 mujallar Nature Protocols ta buga wata manhaja da aka rubuta da harshen Python, domin taimaka wa masana ilmin sinadarai wajen gano ƙirar sinadari ta hanyar lissafi. A shekarar 2019 wasu manazarta na Jami'ar Hawaii da ke Amurka suka tarar cewa bayanai guda suna ba da amsa uku. Windows 10 da macOS Mavericks sun ba da 173.2, macOS Mojave ya ba da 172.7, shi kuwa Ubuntu ya ba da 172.4.

Dalilin wannan saɓani shi ne, manhajar tana haɗa fayiloli biyu-biyu bisa jerin da ta same su, alhali kowane tsarin gudanar da kwamfuta yana da tasa hanyar jera su. Idan jerin ya sauya, sai a haɗa fayil da wanda ba abokinsa ba, lissafi ya ci gaba ba tare da wani gargaɗi ba.

A ganinmu, bai kamata a ɗora wa tsarin gudanarwa laifi ba, domin littafin bayanin Python bai yi alkawarin wani jeri ba. Laifin yana ga zaton da aka gina lissafi a kansa ba tare da an gwada shi ba. Maganin kuwa ɗan gajeren umurni ne na tsara sunayen fayilolin. Amma kafin a gane haka, shekara biyar ta shuɗe ana dogaro da manhajar.

Saboda haka muna ba da shawara ga malamai masu duba aikin ɗalibai, kada su karɓi sakamakon kwaikwayo sai an maimaita gwajinsa a tsari fiye da ɗaya, an kuma rubuta sunan kowane tsari a rahoton. Hausawa dai sun ce, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.