Fasali a kan Abin da Mutum Ke Iya Zaɓa a Jana'izarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa, shari'a ta bar wa mutum zaɓi a jana'izarsa, amma kaɗan ne. Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa wanda mamaci ya yi wasiyya ya sallace shi, don fatan albarkar addu'arsa, shi ne mafi cancanta da limanci, gaba da sarki, gaba da ɗa. Wannan ƙofa a buɗe take, sai dai masu shigarta ba su da yawa. Mun bar zaɓin da aka ba mu, mun ƙago wanda ba a ba mu ba. Attajiri ya rasu da asuba a Ƙaura Namoda, sai a ajiye gawa har la'asar, wai ana jiran manya daga Gusau, alhali sunna ita ce gaggautawa.

Mafi muni shi ne sadakar uku da bakwai da arba'in, in daga dukiyar mamaci aka ɗiba. Likkafani da haƙar kabari su ake fara fitarwa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, sa'an nan gado. To, waina da gumba da goro, a wane mataki suka shiga? Rabon marayu ne ake dafawa. Da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, shekara 8 ta hijira, Annabi umurni ya yi a kai wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mun juya al'amarin, masu makoki ke ciyar da gari.

Kai ɗan kasuwar Shinkafi, mai karɓar kaya kan amana, wannan ya fi shafarka. Annabi ya tsaya ga barin sallatar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauke masa. Rubuta abin da ake binka tun kana da numfashi, ka sa shaidu biyu, ka ambaci malamin da kake so ya sallace ka.

A shekarar 2018, da 'yan bindiga suka kashe mutane a Birane ta ƙasar Zurmi, tare aka binne su, ba wanda ya zaɓi kome. Risala ta halatta salla guda ga gawawwaki da yawa, kabbara huɗu, ba ruku'u, ba sujada, kamar yadda ake yi wa sarki. Allah Ya jiƙan su.

Tammat.