Ɗawisun da ya koma daji da ƙaramar bindigar manomi

Wanda ya san ɗawisu a harabar fada ko a gidan wani attajiri, yana taƙama yana baza jela, zai yi wuya ya yarda cewa akwai ƙasar da manoma ke kwana da takaicinsa. A Niyu Zilan haka abin yake. Turawan da suka je zama can a ƙarni na 19 ne suka kai shi don ado, wasu suka tsere daga gidaje, wasu aka watsar da su, suka shiga daji suka hayayyafa a Tsibirin Arewa, musamman wajen Whanganui da Northland da Hawke's Bay. Babu damisa ko dila da za su rage su kamar a Indiya, ƙasarsu ta asali. Sai su sauko garke guda su tsince irin da aka shuka, su cinye ɗanyar ciyawar da aka tanada wa tumaki da shanu, su ɓata wurin shan ruwan dabbobi da kashi.

Makamin da manomi ya fi ɗauka shi ne bindigar da ake kira .22, mai harsashin da ake ƙera irinsa tun 1887. Abin da ke tayar da albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanson, shi ya sa kwanson ke da laushi, ƙarfinsa kaɗan, kuɗinsa kaɗan. Ƙwayar dalmar ba ta kai giram 3 ba. Bindigar ba ta dukan kafaɗa, ba ta da ƙara sosai, kuma ita ce dai ake harbin zomaye da ita a gonakin ƙasar. Ko da aka tsaurara dokar makamai bayan kisan masallata a Christchurch a 2019, an bar wa masu lasisi irin wannan bindiga matuƙar gidan harsashinta bai wuce ɗaukar 10 ba.

Ni ba na cikin masu cewa kada a taɓa tsuntsun saboda kyansa. A Indiya shi ne tsuntsun ƙasa tun 1963, kuma dokar kare namun daji ta 1972 ta hana kashe shi. Can gidansa ne, ya cancanci haka. Amma a inda aka kai shi baƙo, sauran halittu ne ke biyan kuɗin adonsa. A tsibiran Yaeyama na kudancin Japan, inda wani wurin shaƙatawa ya kawo shi tsibirin Kohama don burge baƙi, yanzu yana cin ƙadangaru da ƙwarin da asalinsu na wurin ne. Ƙadangaren ba shi da jelar da za ta sa a tausaya masa, amma shi ne ɗan gida. Don haka idan manomi ya ce zai rage garken da ke cinye masa gona, ina ganin yana da gaskiya.

Abin da ke damuna shi ne salon da ke ƙara yaɗuwa, na harbin dare a kan bishiya. Ɗawisu tsuntsu ne mai wayo da kaifin gani. Da rana, da ya hango mutum daga nesa sai ya sunkuyar da kai ya ruga cikin duhuwa, kuma garken da aka taɓa harbi ba ya sake yarda a matso shi. Da magariba kuwa sai ya hau doguwar bishiya, kusan kullum ita ce dai wadda ya saba, ya lafe a reshe. Yanzu da fitilu masu ƙarfi da madubin saiti mai gano ɗumin jiki suka yi araha, maharbi na iya tsayawa a gindin bishiyar ya ɗaga bakin bindiga sama ya yi ta saukar da su ɗaya bayan ɗaya. Ana ɗaukar wannan a bidiyo ana sakawa a YouTube, matasa na kallo suna ganin ƙwarewa ce.

Ƙwarewar maharbi tana farawa ne daga sanin inda harsashinsa zai tsaya. A jikin kwalin harsashin .22 kansa ana rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya yi saitin kan tsuntsu a reshe ya kuskure, ko harsashin ya ratsa ya wuce, babu tudu ko gangare a bayansa da zai tare shi. Zai tafi cikin duhu ya sauka inda maharbin bai gani ba, wataƙila a garken maƙwabci, wataƙila a kan kwanon ɗakinsa. Ƙanƙantar bindigar ce ma ke yaudarar mutane su ɗauke ta kamar abin wasa. Harsashinta kuma ya yi suna wajen dukan dutse ko busasshen reshe ya karkace ya nufi wani wuri.

Sai kuma maganar tsuntsun. Namijin ɗawisu yakan kai kilo 4 zuwa 6, gashin fukafukansa na da kauri, kansa kuwa ƙarami ne a kan dogon wuyan da ba ya zama wuri ɗaya. Idan ƙaramin harsashi ya same shi a ciki ko a cinya, ba nan take yake mutuwa ba. Yakan faɗo ya ja jiki ya shige ƙaya, ya kwana biyu yana wahala. Wanda ya yanke shawarar ɗaukar rai, wajibi ne ya ɗauke shi da gaggawa, kuma hakan na nufin ya matso kusa, tsuntsun na ƙasa, akwai tudu a bayansa, in bai samu haka ba ya sauke bindigarsa ya koma gida.

Akwai wani kuskuren da idon mutum ke jawowa. Namiji ne ke da jela, shi ke kwarmata kuka da asuba a lokacin barbara, shi ya sa shi ake fara nema, shi ake ɗaukar hoto da shi. Amma namiji ɗaya na bin mata da yawa, kuma in an kashe shi wani zai gaje wurinsa kafin mako ya zagayo. Yawan garke a hannun macen yake, wadda launinta ya yi kama da ƙasa, take ɓoye sheƙarta a ciyawa, ta kwanta kan ƙwai huɗu zuwa takwas na kimanin kwana 28. Hukumar garin Taketomi a Japan ta gane wannan, ta horar da karnuka masu shinshino sheƙa a kwashe ƙwan tun bai ƙyanƙyashe ba. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya kuma yin kyau a bidiyo, amma yana taɓa tushen matsalar.

A cikin gari kuwa bindiga ba ta da wuri ko kaɗan. A Arcadia ta Kalifoniya, inda attajiri Lucky Baldwin ya kawo ɗawisu tun ƙarni na 19, da sauran unguwannin yankin, mazauna sun rabu biyu: masu zuba musu hatsi, da masu kukan yadda suke saran motoci idan sun ga inuwarsu a jikin fenti. A 2021 gundumar Los Angeles ta hana ciyar da su a yankunan da ke ƙarƙashinta kai tsaye. Garin Pinecrest na Fulorida ya ɗauki wata hanya a 2023: a kama namijin, likitan dabbobi ya yi masa aikin da zai hana shi haihuwa, a sake shi. Yana nan da jelarsa da matansa, yana korar sauran maza, ƙwan da matan ke yi kuwa ba ya ƙyanƙyashewa.

Manomin Whanganui mai ɗaruruwan tsuntsaye a tsaunuka ba zai iya kai kowanne wurin likita ba, kuma ban ce ya yi ba. Bindigarsa na da aikin yi. Abin da nake so shi ne ya fara da macen, ya nemi sheƙa a lokacin ƙwai, ya haɗa kai da maƙwabtansa tunda garken bai san iyakar gona ba, ya kuma ɗauki naman abin da ya harba, domin ɗawisu dangin kaza da zabo ne, ana cinsa. Idan kuma ya zama dole a sauko da su daga bishiya, wannan aikin bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyi ne, waɗanda ƙarfinsu ke mutuwa a ɗan gajeren nisa, a hannun wanda ya zagaya wurin da rana ya san abin da ke bayan kowace bishiya.