Noman Zinare a Duniyar Wasa

A watan Maris na 2019 wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Benezuwela, aka kwana da yawa cikin duhu. Har wata kasuwa da ba ta kan taswira sai da ta ji a jikinta: kasuwar wasan kwamfuta mai suna Old School RuneScape, mallakar kamfanin Jagex da ke Cambridge a Ingila. Kayan da 'yan Benezuwela suka saba jibgewa a cikinta suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. A lokacin ne jama'a da dama suka gane yawan gidajen da tukunyarsu ke tafasa da zinaren wasa.

Ga yadda sana'ar take. Saurayi zai zauna gaban tsohuwar kwamfuta tun safe, ya tura ɗan mutum-mutuminsa dajin cikin wasan, ya yi ta kashe korayen dodanni. Kowane dodo ya faɗi sai ya bar ƙashi da fata. Ya kwashe, ya kai babbar kasuwar wasan, ya sayar a ba shi zinare. Idan ya tara miliyoyi sai ya nemi dillali, su haɗu a wani lungu na wasan, ya miƙa, dillali ya turo masa dala ko bitcoin. Shi kuma dillali ya ɗora ribarsa ya sayar wa wani a Amurka ko Turai. Haka gobe, haka jibi. Masu harkar suna kiranta noman zinare.

Ba wauta ta kai su ba. Babban bankin Benezuwela da kansa ya ce hauhawar farashi ta haura kashi 130,000 cikin ɗari a 2018, kuma tsakanin 2008 da 2021 an goge sifiri 14 daga kuɗinsu, bolibar. A lokacin, albashin da aka biya da safe kan zube kafin magariba. Zinaren wasa kuwa yana da masu saye da dala a kowace sa'a.

To me ya sa mai hankali zai fitar da dala ya sayi abin da ba ya taɓuwa? Lokaci yake saye. Takobi ko sulken da yake so a wasan na bukatar aikin makonni, shi kuma yana da kuɗi, ba shi da sukuni. Manomin kuwa yana da sukuni, ba shi da kuɗi. Tun 2001 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya auna wannan a wasan EverQuest, ya gano cewa mai wasa na samar da abin da ya kai kimanin dala 3.42 a sa'a, kuma da duniyar wasan ƙasa ce, da arzikin kowane mutum a cikinta ya faɗa tsakanin na Rasha da na Bulgeriya. Bayan fitowar World of Warcraft a 2004, harkar ta bunƙasa a ƙasar Sin, inda matasa ke aikin sa'o'i 12 a ɗakunan da aka jera kwamfutoci, har gwamnati ta hana sayen kayan zahiri da kuɗin wasa a 2009.

Ni dai ban ga dalilin raina wannan gumi ba. Abin da ke damuna shi ne manomin nan ba shi da gona. Dokar Jagex ta haramta sayar da zinare a wajen wasa, don haka rana ɗaya ana iya rufe asusunsa, aikin watanni ya bi ruwa, kuma ba shi da inda zai kai kuka, tunda duk abin da ke cikin wasan na kamfani ne. Wasu 'yan wasan ma sun mayar da farautar manoman nan abin nishaɗi, su kashe mutum-mutumin su kwashe abin da ya wuni yana tarawa. Kamfanonin kuma da suka ga akwai romo sai suka buɗe nasu shagon: Jagex ya fito da Bonds a 2013, Blizzard, mai World of Warcraft, ya fito da WoW Token a 2015 a kan dala 20. Mai kuɗi ya samu halattacciyar ƙofar sayen zinare, mai nomawa ba a buɗe masa ƙofar fita da kuɗi ba.

Mu ma guguwar ta biyo ta ƙofarmu a 2024, lokacin da matasa a Kano da Kaduna suka duƙufa kan mainin, ana ta dangwalar waya a Notcoin da Hamster Kombat. Sai dai akwai bambanci. Zinaren RuneScape yana da wanda ke bukatarsa don ya yi wasa da shi. Sulallan Hamster kuwa kusan duk wanda ya tara jira yake ya sayar, masu saye ƙalilan ne. Da aka kai su kasuwa a ƙarshen Satumbar shekarar, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data da cajin waya ba.