Zaƙin da Ke Ɓoye a Cikin Tsiro

A Rabah da ƙauyukan fadamar Wurno, kunun zaƙi na asali bai damu da sukari ba. Zaƙin yana cikin hatsin, gwanintar mai kunu ita ce fito da shi.

Kwana huɗu ko biyar kafin ranar damu take somawa. Takan ɗebi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, irin wadda ake nomawa da ruwan madatsar Goronyo, ta jiƙa ta kwana, ta tsane, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ta rufe. Safe da yamma tana yayyafa ruwa, tana cusa hannu don jin ɗuminta. In ruwa ya yi yawa ta ruɓe, in ya gaza ta ƙi tashi. Da farin tsiro ya leƙo sai shanya. A lokacin ƙwayar ta riga ta haɗa wani sinadari da masana ke kira amilas, mai narkar da gari ya mai da shi sukari don ciyar da tsiron. Rana ce ke tsayar da shi kafin ya shanye zaƙin.

Sannan gero: a jiƙa, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari. Babban kason ƙullun ta sheƙa masa tafasasshen ruwa, ya yi kauri. A nan ake gane gwana. Ba ta zuba niƙaƙƙen tsiron sai zafin ya sassauta, domin tafasa tana kashe sinadarin, sanyi kuma yana sa shi nawa. Bayan hannunta ne ma'auninta. Ta zuba, ta juya, kaurin ya saki, ta rufe ya kwana, da asuba ta tace. Mai son jiki kuwa sukarin kanti take antayawa, harshe kuma yana ganewa.

Wannan ilimin ne a Sukotland, sai dai su sha'ir suke tsirarwa. Masana'antu irin Glenlivet, wadda ta sami lasisi a 1824, suna fitar da ruwan zaƙin, su sa masa yis, su tatsi tururinsa a tukwanen jan ƙarfe, ya yi aƙalla shekara uku a ganga ya zama wuski. Mai kunun Rabah ba ta bari ya kusanci barasa. Daidai na yini ɗaya take damawa, don zafin ƙasar Sakkwato ba ya ɗaga wa kunun da ya kwana biyu ƙafa.