Jinjina ga Masu Tsara Kanun Littattafan Likitanci

Likita yakan sha yabo, mai bincike yakan karɓi lambar girma, amma masu tsara kanun da ake neman iliminsu da su, da wuya a ji sunansu. Su nake wa jinjina.

Tun 1960 Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka yake fitar da MeSH, jerin kanun da ake rarraba littattafai da maƙalun likitanci a ƙarƙashinsu, kuma kowace shekara sai an sabunta shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne manuniyar "duba" da ke cikin jerin, mai tura ka daga wani suna zuwa kanun da ya dace. Cuta ɗaya takan yi suna uku: na likitoci, na mutanen gari, da tsohon da aka daina amfani da shi. Ko da wanne ka zo, wani ya riga ya yi tunaninka, ya share maka hanya zuwa kanu ɗaya tak. Aiki ne na haƙuri, mai cin ido, kuma ɗalibin da ke lalube a rumbun maƙalun likitanci na PubMed gumin masu tsara kanun yake ci bai sani ba.

In ka shiga laburaren asibitin koyarwa, ka yi wa mai tsara kundin littattafan sannu da aiki.